Asabar Shida a Castro

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
har ƙasan farcena ya daina jin sabulu.
Sai ga takarda daga ofis: Malama Herminia,
a je bita, a koyo yaren kwamfuta.
Na ninke ta, na danne da kwalbar gishiri,
ta kwana huɗu a nan, muna hararar juna.

Motar Quellón tana tashi gari bai waye ba.
Ruwan tsibirin nan ba ya sallama,
zuba yake kan rufin katako, kan tumaki,
kan jiragen masunta da suka kwanta a laka.
Na isa Castro takalmina na tsiyaya.

Mu goma sha bakwai, duk masu furfura ko dab da ita,
a kujerun yara, gwiwa tana dukan tebur.
Don Eleuterio, malamin tarihi,
ya damƙe linzami kamar ɗan tsako zai kufce.
Ƙofa ta buɗe, na ɗaga ido:
Ignacio Barría!
Yaron da na hana fita shan iska sau uku
a kan bakwai sau takwas.
Yau ga gemu, ga tabarau, ga jaka a kafaɗa.
Ya ce, "Malama."
Na ce, "A'a, yau kai ne."

Na'urar nan ba ta san kara ba.
Ba ta duban shekaru, ba ta karanta fuska,
abin da ka faɗa shi take yi,
ba abin da ke ranka ba.
Na rubuta layi biyar, na danna,
ja ya cika allo.
Ni da na ƙarar da jan biro ɗari a littafin 'ya'yan mutane,
yau ga ja a nawa.
Awa biyu ina lalube, wuyana ya ƙage,
ashe baka ɗaya na buɗe ban rufe ba,
kamar mai barin ƙofar garke a buɗe
ya zo yana tambayar ina tumaki.

A mota na yi kuka kaɗan. Tagar ma a jiƙe take,
ba wanda ya lura.

Asabar ta uku ya kashe na'urorin duka,
ya zazzage buhun dankali a tebur,
baƙi, ja, mai zane, dogo kamar yatsa.
Ya ce, "Ku jera daga ƙarami zuwa babba,
biyu kawai za ku gwada a lokaci guda,
ku faɗa mini matakan
kamar kuna magana da wanda bai taɓa ganin dankali ba."
Gwada, musanya, matsa, sake.
Gwada, musanya...
Sai hannuna ya tsaya.
Muryar mahaifiyata ce, a gefen murhu, da ulu a cinya:
biyu sama, ɗaya ƙasa, maimaita har bakin layi,
in zare ya ƙare, ki tsaya.
Matar da ba ta taka ƙofar aji ba
ta koya mini wannan tun ina 'yar shekara tara,
suna kawai ba ta ba shi ba.

Ranar rufewa, yana miƙo mini takardar shaida,
ya sunkuyo ya ce a hankali, "Hamsin da shida."

Litinin. Yara ashirin da shida, kwamfuta tara,
biyu sun mutu tun bara.
Millaray, wadda ba ta cika magana ba,
ta ɗaga hannu: me ya sa nata yake ta zagaye ba ya tsayawa?
Na duba. Na sake dubawa.
Da can da na ce a buɗe shafi na kaza.
Na ajiye allin a aljihu,
na ce, "Ban sani ba.
Matsa mini, mu gani."